Gawa a Kan Furen Gahawa

Duk Asabar da la'asar masu ɗaukar hoton ƙwari na garin Dschang suke haɗuwa a ɗakin taro na bayan coci. A haska hoton da mutum ya ɗauko a bango, Baba Tsafack, wanda ya kafa ƙungiyar, ya yanke masa hukunci. Shekara tara hotonsa ne a fuskar kalandar manoman gahawa, kuma bai ƙoshi ba.

Kenfack tela ne, ya haura hamsin, hannunsa ya soma rawa. Shekara uku yana durƙuso a gonar gahawar yayansa don ya ga nasa a kalandar nan ko sau ɗaya. Da aka haska hotonsa kowa ya miƙa wuya. Ƙudan zuma ne ya cusa kai cikin farin fure, ana ƙirga gashin bayansa. Fiffiken kaɗai ya yi dishi-dishi.

"Tela, wannan fiffike ne ko tururin dutsen gugarka?" in ji Tsafack.

Aka kwashe da dariya. Nan a zaune, don kunya, Kenfack ya goge hoton daga kyamararsa.

Da aka tashi, Tsafack ya ja shi gefe, ya dafa kafaɗarsa.

"Ƙanena, kana da ido, hannunka ne ke cin amanarka. Kama ƙudan a kwalba ka sa a firij, can wajen ƙanƙara. Sanyi ya ɗaure shi, sai ka ɗora a fure. Kowa haka yake yi, ba a dai faɗa."

"Minti nawa, Baba?"

"Bar shi ya kwana. Rana za ta tashe shi."

Furen gahawa kwana uku yake yi, don haka Kenfack bai tsaya tambayar kowa ba. Matarsa Magne ta ga kwalbar, ta ce, "A gefen kifina ka sama wa baƙonka masauki?" Ya rufe firij ya tafi ya kwanta. Da safe ya ɗora ƙudan a fure, ya gyara masa zama da tsinin allura. Hoto ya fito tar. Rana ta ɗaga, ƙudan bai motsa ba. Iska ta jefar da shi ƙasa, tururuwa suka taru. Kenfack ya kau da kai.

Asabar ta zagayo, Madam Nguefack, sakatariyar manoma, ta zo zaɓen hoton kalanda. Da aka haska na Kenfack har ta gyara tabarau. Tsafack ya miƙe a hankali, ya nuna bango da sandarsa.

"A ƙara girmansa. Dubi harshen, a zazzage, bai ko taɓa furen ba. Dubi ƙafafun, a naɗe. Madam, gawa ce. Ƙudan da ke sa gahawarku ta yi 'ya'ya, shi wannan mutum yake kashewa don ya yi suna."

"Baba, ai kai ka ce in—"

"Ni? A gaban wa?"

Kenfack ya dubi mutanen da ya yi shekara uku yana cin gyaɗa da su. Kowa ya sami abin dubawa a kyamararsa.

Madam ta ce, "Ba ka da hoton wani mai rai? Ko bai fito sosai ba, mu manoma mun san fiffike ba ya tsayawa."

Ya tuna wanda ya goge da hannunsa. Washegari da ya koma gona, furen ya yi ja ya zube.

A watan Disamba wani mai kawo ɗinki ya ba shi kalandar. Hoton Tsafack ne, ƙudan zuma a kan farin fure, fiffike tar. Kenfack ya kai ta bakin ƙofa wajen haske. Yanzu ya san inda ake duba. An jawo gefen furen an rufe bakin ƙudan da shi, amma ƙafa ɗaya ta leƙo, a naɗe.