Wanda Zan Iya Ɗagawa

Ranar da Agogo ta kira ni ofishinta, ko kujera ba ta nuna min ba. Ita ce shugabar sashenmu a kamfanin ɗinki, kuma mun laƙaba mata wannan suna ne saboda kafin ta amsa gaisuwar mutum sai ta fara duba tsintsiyar hannunta.

"Ɗinkinki ba shi da na biyu," in ji ta, "amma keken da babu kowa a kansa ba ya ɗinki. Kika sake makara, ki yi zamanki a gida kawai."

Me zan ce? Gidanmu yana wannan ƙarshen gari, kamfani yana wancan. Mota biyu nake hawa, ta biyun kuwa sai ta ga dama take cika. Na fito cikin damuwa, don aikin nan shi ne rufin asirinmu, kuma ina son abina. Kafin in isa gida na yanke shawara, babur zan saya. Tuƙi dai na iya, ƙanena Auta ya koya min bara a filin ƙwallo, bayan na kusa aika akuyar mutane lahira.

Kuskurena ɗaya, na faɗa wa maza. Baban yara, wanda ko keke sai an riƙe masa, nan take ya zama masanin inji. Auta kuma ya iso da wayarsa cike da hotuna. Ranar hutu suka sa ni a tsakiya muka tafi shagon babura, kai ka ce su ne za su yi ta zirga-zirgar.

Shagon dogo ne siriri, yana ƙamshin sabuwar taya, an jera babura kowanne da leda a kujerarsa. Mai shago ya tarbe mu da tsumma a kafaɗa. Bai gama yi mana maraba ba Auta ya rungume wani baƙi ƙato mai salansa kamar bututun ruwa.

"Yaya, wannan in kika murɗa shi, kafin Agogo ta ɗaga hannu kin iso!"

"Rabu da yaro," in ji Baban yara, yana shafa wani ja mai faɗin kujera. "Ga na manya. In za mu unguwa ma mutum ya zauna a baya da mutuncinsa."

So so ne, amma son kai ya fi. Kowa kansa yake saya wa babur da guminna.

Don kada a ce na ƙi shawara, na tattare zanina na hau baƙin. Ƙafafuna suka yi ta lilo suna neman ƙasa. Na samu na dafa da ɗan yatsa ɗaya, sai na ji abin yana karkata a hankali, kamar tsohon da barci ya ɗauke a zaune. Na yi tsalle gefe, shi kuma ya kwanta rigijib.

Mai shago ya yi salati. Su uku suka taru a kansa, wannan na nishi, wancan na cewa a kama ta baya, Baban yara na ba da umarni da hannu ɗaya a ƙugu. Da ƙyar suka tsayar da shi. Ni kuwa ina tsaye ina kallo, dariya ta ƙwace min.

"To ku faɗa min," na ce, "da sassafe a hanyar kamfani, ina zan samo maza uku?"

Na juya ga mai shago na ce ya shimfiɗa kwali, ya kwantar min da duk wanda zan gwada.

"Baiwar Allah, mutane a tsaye suke gwada babur."

"A tsaye kowa gwani ne. Kwantar min."

Ya yi ta gunaguni, amma ya shimfiɗa. Jan na Baban yara na ɗaga shi rabi, bayana ya ce bai san zancen ba. Na gwada wani, shi ma haka. Can a lungu na hango wani ɗan shuɗi, da kwando a gaba, ya raɓe kamar baƙon da ba a gayyata ba.

Auta ya riƙe ciki. "Haba Yaya! Wannan ai keken ɗinki ne aka sa wa taya."

"Ni da keken ɗinki ai mun san juna."

Aka kwantar da shi. Na sunkuya, na kama kansa, na ɗaga shi tashi ɗaya. Da na hau, tafin ƙafafuna biyu suka zauna daram a ƙasa. Mai shago ya ce ba shi da gudu, amma mai kaɗan yake sha, kuma duk bakaniken bakin titi ya san cikinsa. Na zaga layin da shi na dawo, bakina ya ƙi rufuwa.

Ina dawowa na tarar Baban yara ya saya min hular kwano. Ya kifa min ita, ya ɗaure igiyar a haɓata, ya ja ya ga ta kama. Abin ya shiga raina.

Washegari na wuce tasha ina kallon layin da na saba tsayawa a ciki, har da ɗaga wa kwandasta hannu. Manyan babura suka yi ta wuce ni fuu, in muka zo cunkoso na sulale ta gefensu. Iska tana kaɗa mayafina, ina waƙa a cikin hula ni kaɗai. Rabon da in ji daɗi irin wannan har na manta.

Na tarar mai gadi bai buɗe ƙofa ba. Muna nan zaune sai ga mota ta tsaya can bakin titi, Agogo ta fito daga cikin matsi, takalminta duk laka, tana haki tana duba hannu. Ban taɓa ganin isowarta ba. Mai gadi ya raɗa min cewa ashe daga bayan unguwarmu take tahowa, ta bar 'ya'yanta suna barci. Sai na ji tausayinta ya kama ni.

Ta dube ni, ta dubi agogo, ta sake dubana. Sannan ta zaga ɗan shuɗin, ta danna kujerar baya da hannu.

"Wannan yana ɗaukar mutum biyu?"

"Yana ɗauka, ranki ya daɗe, in dai na bayan ba ya duba agogo."

Ta tuntsire da dariya, har mai gadi ya leƙo ya ga ko lafiya. Tun daga ranar a bakin tashar unguwarsu nake ɗaukarta, ta riƙe ni gam tana cewa in rage gudu. In kuwa an makara, tare muke makara.