Takalman Gidaɗo

Gidaɗo na laluben takalmansa da ƙafa a ƙarƙashin gado lokacin da Sista Fatiha ta shigo ɗakin maza. Ya riga ya kifa malafa a ka, ya tokare cikinsa da kan sanda kamar mai hutawa a wajen kiwo.

"Sai ina, bawana?" in ji ta. Kakan Fatiha Babarbare ne, don haka duk Bafulatanin da ya kwanta a asibitin nan na Bagudo sai ya sha tsiyarta kafin ya sha magani.

"Na warke," ya amsa ƙasa-ƙasa. "Taɓa ki ji. Shanuna na bayan garin Tsamiya, sun kusa faɗawa gonakin mutanen Benin."

Ta taɓa goshinsa. Ya yi sanyi kam, har yatsunsa ma, kuma abin da bai yi mata daɗi ba ke nan. Da aka kawo shi an zaci maleriya ce, sai gwaji ya nuna dengi, zazzaɓin nan da sauro mai cizon rana ke kawowa. Shi kuwa dengi mayaudari ne, ranar da zafin jiki ya sauka ita ce ranar da ake tsoro. Yawancin mutane daga nan sai sauƙi. Amma akwai waɗanda ruwan jininsu kan fara zurarewa daga jijiyoyi, kuma in abin ya sami mutum a daji, kafin babur ya iso da shi gari an yi latti. Sa'ar da aka yi, ciwon kan aiko da alamu tukuna. Likita ya ce in ta ga ko ɗaya ta kira shi.

"Ciki na ciwo?"

"Lafiya lau."

"Amai fa?"

"Wa? Ni?"

"Buɗe baki in ga dasashinka."

"Goro na ci."

"Yaushe rabonka da fitsari?"

Gidaɗo ya juyar da kai ya ƙura wa bango ido. Sai a lokacin Fatiha ta lura da tsohuwar da ke zaune a kan tabarma daga ƙafar gado, ta ba su rabin baya tana jan carbi. Inna Kubura ce, uwar matarsa. Matar tana jego, shi ya sa tsohuwar ta taso daga Bahindi da kanta tun da safe. Ga ƙwaryar furar da ta kawo ko faifan ba a ɗaga ba. Ga kofin ruwan gishiri da sukari cike yadda Fatiha ta bar shi.

Nan ta gane. Bafulatani ba ya ci ba ya sha a gaban surukarsa, balle ya ce wayyo cikina. Gara a ɗauki gawarsa. Ita kuma babu halin ta ce wa dattijuwa tashi ki fita.

Ta ja ɗan tiren magani, ta yi ta ƙarar da kwalabe, sannan ta ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji.

"Inna, taimaka mini mana. Allura zan yi masa a mazaunai. Matso ki riƙe mini wandonsa kada ya zame."

Carbin ya tsaya cak. "La'ilaha illallahu!" Inna Kubura ta miƙe kamar yarinya, ta naɗe tabarmarta ta rungume, ta fice ko waiwaye babu. Wani tsoho a gadon kusa ya yi dariya har da tari.

"Allah ya isa, Babarbariya," in ji Gidaɗo, "kin kashe ni."

"Babu wata allura, mai dengi ba a huda masa tsoka. Yanzu faɗa mini gaskiya."

Bai samu ya faɗa ba. Ya yar da sandar, ya dafe ciki, ya kelaya amai a cikin robar da ta tara masa. Da ya lafa ta ɗaga leɓensa. Babu ko ɓurɓushin goro, jini ne ke tsattsafowa daga dasashi.

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi nake haɗiye shi."

Ta ɗebi jininsa ta aika ɗakin gwaji, ta kira likita. Sakamakon ya nuna jinin ya fara kauri. Kafin azahar an ɗaura masa ƙarin ruwa, likita na cewa an tari abin da wuri. Gidaɗo ya kwankwaɗi kofi biyu a jere, ya ce a miƙo furar.

Fatiha ta fita neman tsohuwar don ta ba ta haƙuri. Ta same ta a baranda, daidai bakin ƙofa, ta sake shimfiɗa tabarma.

"Inna, ki yafe mini, wasa ne."

"Ke dai ba ki da kunya, 'yar nan." Tsohuwar ba ta ɗago ba. "Ya sha?"

"Ya sha. Saura kaɗan zamanki ya ja mana."

"Na ga jinin tun da ya tofa a tsumma. To da wane baki zan faɗi ciwon mijin ɗiyata? Na dai san in na gusa daga wurin zai gudu wurin shanu."

"Ai ko yanzu ina tsoron kada ya cire robar ƙarin ruwan ya sulale."

Inna Kubura ta ɗan ɗaga gefen tabarmar. Ga takalman roba guda biyu sun baje a ƙarƙashinta, har da busasshiyar laka.

"Sai ya zo ya ce mini in tashi," in ji ta, ta mayar da tabarmar, ta ci gaba da jan carbi.