Da Baya Ake Sayen Mota

A filin sayar da motoci, Sha-Kwana ya daki tayar babbar motar da tafin hannu, ya kasa kunne kamar mai jiran a amsa masa sallama.

"Kin ji ko, Auta? Wannan ita ce mota. Sauran duk kwanon awo ne."

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ko kallon babbar ba ta yi ba. Tana jingine da wata matsakaiciya, fara, mai taya shida. Ita ta samo musu aikin: mai shagon katifa ya ce in sun zo da mota a makon nan, su za su riƙa kai masa kaya. Abin da gidan ya tara kaf mota ɗaya zai saya. In aka zaɓa ba daidai ba, babu ta biyu.

"Baba, katifa fa za mu ɗauka, ba siminti ba. Waccan mai kawai za ta shanye mana."

"Ji yarinya! Na ja tirela tun uwarki ba ta san ni ba. Mota ta kife da ni, na fito ina kakkaɓe riga. Birki ya tsinke mini a gangare, ga ni tsaye. Ni za ki saka a akwatin ashana?"

"Babban goro sai magogin ƙarfe, Baba," in ji dillalin motocin, yana murza hannu.

Kuma ba ƙarya tsohon ya yi ba. Bai taɓa zama a aji ba, amma hanya ta karantar da shi abin da babu a littafi, kuma duk abokan tafiyarsa sun kwanta dama sun bar shi yana cin tuwonsa da haƙoransa. Sai dai Auta jininsa ce, ta san inda ake kama shi.

"To shi ke nan. Amma kai ka koya mana, da baya ake sayen mota."

Dokarsa ce tun yana saurayi: ba ya biyan mota sai ya shigar da ita da baya har inda za ta yi lodi. Ya gyara hula.

"Dillali, kawo makulli."

Sito na mai katifa yana ƙarshen wani lungu, bango dama, bango hagu. Da mai katifa ya hango abin da ke tahowa, sai ya ɗora hannu a ka.

"Baba, wannan ba za ta shiga ba!"

Duk duniya babu maganar da Sha-Kwana ya fi so a gaya masa. Ya sa aka naɗe madubai. Leburori suka fara "Zo! Zo! Karya hagu!" ya leƙo ya ce su yi shiru, suna ruɗa motar. Sannu-sannu, kamar ana zura zare a allura, ƙatuwar nan ta shige har bakin sito, ko fenti bai goge ba. Lungu ya ɗauki tafi da ihu.

Sha-Kwana ya kashe inji, ya tura ƙofa zai sauko ya karɓi gaisuwa. Ƙofa ta buɗe faɗin tafin hannu, ta daki bango. Ya matsa ɗaya gefen. Haka nan.

"Baba, mu kuma ta ina za mu wuce mu yi lodin?" in ji babban lebura. "Ta ƙarƙashi?"

Auta ta zo gaban gilashi, dariya har da hawaye.

"Sauko mana, Baba, jama'a na jira! Ko a miƙo maka katifa ɗaya ka huta a nan?"

Tsohon ya harare ta. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya kife a kan sitiyari yana dariya har hon ya yi ƙara.

"Ku dai shaida ne," ya ɗaga murya, "ta shiga ko ba ta shiga ba?"

"Ta shiga!"

"To ni na ƙi ta, ba ita ta ƙi ni ba."

Da la'asar farar mai taya shida ta shigo lungun da baya, Sha-Kwana na kan sitiyari. Leburori suka wuce ta gefenta da katifu a ka, ko kafaɗa ba su goga ba. Auta na tsaye tana jira ya ce wani abu.

"Tun da safe ita nake kallo," in ji shi. "Gwada ki nake."

"Na sani, Baba."

Ya buɗe ƙofar har ƙarshe. Ya rufe. Ya sake buɗewa, sannan ya sauko a hankali.