Sandar Baƙi

Shekara goma sha tara Fayaz ya yi yana fita teku da baƙi a jirgin wani otal da ke arewa da Male, babban birnin ƙasar. Shi ke zaɓa wa baƙo sandar kamun kifi, ya ɗaura masa ɗamara, ya sa koto a ƙugiya, in kifi ya kama ya tsaya bayan mutum yana faɗa masa lokacin ja da lokacin saki. In an fito da kifin, shi ne kuma mai karɓar waya ya ɗauki hoto. Da otal ɗin ya canza hannu aka sallame su, sai ya tattaro sandunansa uku ya koma tsibirinsu a Huvadu, yana da shekara arba'in da huɗu, ga mata ga 'ya'ya uku, kuma ban da kifi bai san komai ba.

A tsibirin nan namiji in ba shi da gurbi a doni, wato jirgin kamun kifi, to zaman inuwa ya same shi. Mijin yayarsa Zulfa, wanda ake kira Don Maniku, shi ne keyolu na wani doni mai mutum tara, wato shi ke faɗin inda za a nufa da wanda za a ɗauka. Gurbi ɗaya ya buɗe a jirgin, masu nema kuwa biyu: Fayaz da wani ƙanin Rilwan, babban mai jan igiya a jirgin. Zulfa ta dami mijinta safe da yamma har ya gaji, ya ce Fayaz ya biyo su ranar Asabar a gani.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Fayaz ya shimfiɗa sandunan a tsakar gida. Ta farko gajera ce mai kauri, girman keken naɗe igiyarta ya kusa kan jariri, igiyar kuma ko saniya aka ɗaura mata sai ta jawo ta. Wannan yakan ba baƙon da ya ga alamar zai yi saurin haki. Ta biyu tsaka-tsaki. Ta uku siririya ce doguwa, igiyarta ba ta fi zaren ɗinki kauri sosai ba, kuma duk wanda ya fito da babban kifin tuna da ita ya san abin da yake yi. Baƙi masu ji da kansu ita suke nema, don da ita faɗan ke daɗewa, su kuwa daɗewar suka zo saya. Ya ɗaga ta, ya lanƙwasa, ya gwada birkin keken da yatsa. Tunda gani aka ce za a yi, gara a ga abin gani.

Zulfa ta leƙo ta ce me zai hana ya ari safar hannu ya ja igiya kamar kowa.

"Datta, su jan guga suke yi," in ji shi, don haka ake kiran yaya mace a can. "Ni kamun kifi na koya."

Ta dube shi, ta dubi sandar, ta koma wajen tukunyarta.

Sun fita bayan sallar asuba. Hantsi ya ɗaga sosai kafin Don Maniku ya hango tsuntsaye suna faɗawa ruwa, ya juya kan jirgi. Aka fara watsa ƙananan kifaye masu rai, mutane suka zura igiyoyinsu masu kauri da hannu. Rilwan ne ya fara kamawa. Babu wani ado a aikinsa: ya bar kifin ya yi gudun farko, ya toƙare ƙafa, ya yi ta ja hannu bayan hannu. Minti goma sha biyu kifin yana kan jirgi, an buge shi, an zubar da jini, an cire ciki, an binne shi a ƙanƙara. Kafin Fayaz ya gama gyara ɗamararsa an yi huɗu.

"Ranka ya daɗe, a kawo tawul ne, ko lemo mai sanyi?" in ji Rilwan. Aka yi dariya, har da mai tuƙi.

Dariyar ba ta gama mutuwa ba keken ya ɗau kuka. Sandar ta rusuna, igiya ta yi ta fita, ta yi ta fita, har rabin naɗin ya tafi. Fayaz bai firgita ba. Ya kafa gindin sandar a ɗamara, ya sassauta gwiwa, ya bar kifin ya ci gudunsa.

Don Maniku ya zo ya tsaya kusa da shi.

"Kokko, ƙanena, ƙara birki."

"Za ta tsinke, Beybe," in ji Fayaz, wato yaya.

"To miƙo igiyar a ja da hannu."

"Wannan in ka kama ta da hannu sai ta raba ka da yatsa."

Don Maniku ya dubi inda igiyar ta shiga ruwa. Kifin ya fara kewayo, kuma a doni kowa ya san yadda kewayo ke sarƙe igiyoyi tara. Ya ce kowa ya naɗe tasa. Suka naɗe. Tsuntsayen suka yi gaba da garken kifin, suka ƙanƙance, suka ɓace. Mutum takwas suka zauna a inuwar rumfa, aka ɗora shayi.

A faɗi gaskiya, Fayaz ya iya. Ba ya ja da hannu, da nauyin jiki yake ja: ya zauna baya kaɗan, sandar ta ɗago, ya sunkuya ya naɗe abin da ya samu, ko da kamu ɗaya ne. In kifin ya kewayo ta gefen jirgi ya ci igiya, in ya juya waje ya bar shi. Sau uku kifin ya nutsa ya ƙwace duk abin da aka tara, sau uku Fayaz ya sake tarawa. Gumi ya jiƙa shi har ɗamara, bayansa ya riƙe, amma daɗi yake ji, irin daɗin da bai taɓa ji ba. Shekara goma sha tara yana faɗa wa wasu yadda ake yi, yau sandar a hannunsa take kuma ba zai miƙa wa kowa ba. Azahar ta yi, mutane suka yi salla biyu-biyu. Shi ko lura bai yi ba.

Awa biyu da kwata aka yi. Kifin ya taso a kishingiɗe, ko bugun wutsiya ba ya yi. Sai da mutum huɗu suka sa ƙugiyoyin ƙarfe kafin ya hau. Tun farkon shekara jirgin bai ga irinsa ba, har Rilwan ya rasa abin tsokana. Don Maniku ya durƙusa ya ɗora tafin hannu a haƙarƙarin kifin, ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya miƙe ya ce a sa shi a ƙanƙara, a juya gida. Garken dai ba a sake ganinsa ba.

Da la'asar suka isa wajen masu saye. Aka rataye kifin Fayaz a sikeli, ya yi kilo tamanin da ɗaya. Fayaz ya fito da wayarsa, ya miƙa wa surukinsa. Don Maniku ya karɓa, ya ja baya taku biyu, ya ɗauka masa hoto.

Mai duba nama ya zo da siririn bututunsa na ƙarfe. Ya soka wa kifaye huɗun farko, naman da ya fito ja ne wur, mai tauri, ya sa aka shige da su. Ya soka wa na biyar. Abin da ya fito fari-fari ne, ya yi laɓo-laɓo, da ya murza shi a yatsa sai ya marmashe. Ya goge hannu a wando ya ce wannan ba zai hau jirgin sama zuwa kasuwar waje ba, su yi yadda suka ga dama da shi.

Fayaz ya taɓa jin cewa kifin tuna in ya daɗe yana faɗa jikinsa kan yi zafi har naman ya ƙone daga ciki. Ji kawai ya yi. Kifin baƙi ko dai a sake shi, ko a gasa shi da yaji, ba wanda ya taɓa leƙa cikinsa.

Aka yanka kifin gida uku aka loda masa a baro.

"Kai wa Dattarka ta yi garudiya," in ji Don Maniku, wato romon kifi. "Rabin dahuwar ka riga ka yi mata."

"Litinin fa, Beybe?"

"Litinin ƙanin Rilwan zai biyo mu."

Ba da faɗa ya faɗe shi ba, kuma Fayaz bai roƙa ba. Ya ɗora sandar a kan baron ya turo ta cikin yashi har gida. Zulfa ta ga baro cike da kifi, ta ga fuskarsa. Ta aika maƙwabta su kawo manyan tukwane.

Shi kuwa ya zauna a bakin ƙofa ya buɗe wayar. Hotuna sun fi dubu a ciki, duk na wasu mutane da kifayensu. Wannan ne na farko da shi ne a tsaye, hannu a kan kifi, baki har kunne. Hoton ya fito da kyau ƙwarai.