Girgiza a Hawa na Biyar

Tun da safe Yeh Chiao-ling take fama da mutum ɗaya, alhali mutum ɗari biyar ne a wuyanta. Shekara huɗu tana cikin 'yan sa-kai masu shirya taron masu rubuta manhaja na birnin Taichung, bana kuwa aka ɗora mata jagoranci. Ita ta samo zauren a hawa na biyar na ginin wata jami'a, ita ta tsara wanda zai yi magana da lokacinsa, ita kuma ta yi wata biyu tana lallashin Tu Wen-hsiung kafin ya yarda ya hau dandamali.

Wen-hsiung gwani ne a gaban kwamfuta, amma da zarar mutum uku sun zuba masa ido sai harshensa ya ɗaure. Ta same shi bayan labule da kwalin abincin rana a cinya, ko buɗewa bai yi ba.

"Yaya Chiao-ling, ki rufa mini asiri, ki ce musu ba ni da lafiya."

"Marar lafiya ne ya hawo bene biyar da ƙafa? Ci cinyar kazar nan, malam. Minti talatin ne fa, ba yanka ka za su yi ba."

"Sau biyu na yi amai."

"To cikinka ya samu fili. Tashi."

Ya hau yana haɗa gumi. Da farko muryarsa sai rawa take, amma da ya fara nuna yadda ya kwashe mako uku yana farautar kuskuren da ashe shi ya rubuta da hannunsa, zauren ya ɗauki dariya, shi ma ya ɗan saki jiki. Chiao-ling na tsaye a gefe riƙe da makirufo na biyu. Karon farko ke nan tun asuba da ta ja numfashi har ciki.

Sai wayoyi suka ɗauki kuka.

Ba ɗaya ba, ba goma ba. Duk wayar da ke zauren, ta aljihu da ta jaka da ta kan cinya, lokaci guda suka saki ƙarar nan mai tsaga kunne da kowa ya sani. Gargaɗin girgizar ƙasa. Mutane suka ɗago kai suna kallon juna. Wani ya yi 'yar dariya ya ce ƙila ƙarama ce.

Ba ƙarama ba ce. Daɓen ya fara zamewa a ƙarƙashin ƙafarta, sannan ginin gaba ɗaya ya yi wani nishi mai nauyi ya shiga lilo. Fitilun sama suka riƙa bugun juna. Ruwan kofuna ya zube a kan tebura.

Chiao-ling tana 'yar shekara takwas girgizar ƙasa ta sa gidansu na garin Puli ya rufta a kanta ita da kakarta. Awa shida suka yi a ƙarƙashin katako da ƙura kafin a tono su, kakar tana riƙe da idon sawunta, tun tana magana har ta daina. Ba wanda ta taɓa gaya wa wannan a cikin abokan aikinta. Yanzu ga warin ƙurar nan ya dawo mata a hanci. Makirufo na hannunta, amma ta kasa kai shi baki.

Tana gani layin baya suka miƙe. Ƙofa ɗaya ce a buɗe, bayanta kuma matattakala ce siririya wadda mutum biyu ke cika ta. In ɗari biyar suka afka can, ba sai gini ya faɗi ba, su da kansu za su tattake juna. Ta san haka sarai. Ƙafa dai ta ƙi, harshe ya ƙi.

"Yaya Chiao-ling!" Wen-hsiung ne, ya rungume teburin da ke kan dandamali, ya manta makirufo na maƙale a wuyan rigarsa. Muryarsa ta cika zauren. "Yaya, me za mu yi?"

Kawuna suka juyo gare ta. Hakan ya fi girgizar ba ta tsoro, amma shi ya ɓalle mata baki.

"Ku zauna!" Muryar da ta fito siririya ce, kamar ba tata ba. Ta sake ɗagawa. "Kowa ya duƙa inda yake! Ku ɗora jakunkuna a ka! Mai jar riga, kai nake wa magana, saki ƙofar nan ka duƙa!"

Mai jar rigar ya saki. Na bayansa suka yi turus, sannan suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya. A daidai nan majigin da ke rataye a sama ya ɓalle ya faɗo tsakanin kujeru da wata irin ƙara, wata mata ta ƙwalla ihu, wuta ta ɗauke. Lasifika ta mutu. Chiao-ling ta tsinci kanta a durƙushe tana ta maimaita "ku zauna, ku zauna" cikin makirufon da ba ya aiki.

Daga baya aka ce girgizar ko minti ɗaya ba ta yi ba.

Da ginin ya lafa, shiru ya sauka, sai tari da shessheƙa. Fitilun wayoyi suka fara kunnuwa. Malam Kung, dattijon da ke kula da ginin, ya leƙo da tocila yana haki, ya ce matattakala lafiya take, amma kada kowa ya taɓa lif.

Ta miƙe da kyar ta dafa bango. Ba lasifika, don haka Wen-hsiung ya tsaya kan dandamali yana maimaita duk abin da ta faɗa da iya ƙarfinsa. Layi-layi za a fita. A bar kwamfutoci. Matar da ɓaraguzan majigi suka tsaga wa goshi ita ce farko, mutum biyu suka riƙe ta, an danne ciwon da rigar taro.

Chiao-ling ta tsaya bakin ƙofa tana sakin layi ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya wuce, sai ta ji kamar ta bi shi da gudu. Ana layi na goma sha ɗaya ƙasa ta sake motsawa, gajeriya amma mai ƙarfi, aka ji ihu daga cikin matattakala. Ta ƙanƙame ƙarfen ƙofar har farcenta ya karye.

"Ku riƙe bango! Kada a tura!" Malam Kung ya daka tsawa daga ƙasa. Ba a tura ba.

Ita da Wen-hsiung suka fito ƙarshe. A hawa na uku ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ya riƙo hannunta.

"Yaya, jikinki rawa yake."

"Rufe mini baki ka yi tafiya."

A filin ciyawa mutane sun bazu, kowa da waya a kunne yana neman gida. Aka kai mai ciwon asibitin jami'ar, ɗinki shida aka yi mata. Ban da ita ba wanda ya ji rauni, sai wani da ya gurɗe ƙafa. Chiao-ling ta hau kan benci ta sanar cewa taro ya tashi. Wasu suka fara tafi, ta sauko da sauri ta zagaya bayan wata bishiya, ta zauna a ƙasa ta yi kuka har ya ishe ta.

Wajen ƙarfe huɗu Malam Kung ya zo ya tsaya a kanta. Injiniyoyi sun duba ginin, an yarda mutum goma-goma su hau su kwaso kayansu, amma sai da wani daga masu taron a gaba.

"In ba za ki iya ba, 'yata, a samo wani," in ji shi.

Ta ɗaga kai ta dubi tagogin hawa na biyar. Ɗaya ta tsage daga sama har ƙasa.

"Sau nawa za a hau?"

"Yadda na ga yawansu, sai dai mu yi ta hawa har rana ta faɗi."

Ta share fuska da bayan hannu, ta karɓi hular kwano da ya miƙo mata. Sau bakwai ta hau kafin sauran 'yan sa-kai su tare ta a ƙasan matattakala su ƙwace hular, su ce ta je ta zauna haka nan.