Saƙon Inno ga Golan Giwayen Rugu

Yayana Armaya'u shi ne ɗan farin Inno, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Haka ake yi a wurinmu. Uwa tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi hira, ba ta ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane. In tana son ya ci abinci sai ta ce, "Asama'u, ki ce ma yayanki tuwo na hucewa," alhali ga shi nan zaune, taku biyu tsakaninsu. Ni ce mai kai saƙo, kuma ban ajiye wannan aiki ba har bayan da aka yi min aure a nan cikin Runka, gida uku daga namu.

Aikin kuwa ba ɗaukar magana kawai ba ne. Inno a bushe take faɗin abu, ni ke jiƙa shi kafin in kai. In ta ce, "Ki ce mishi yawon ya isa," ni na san kewarsa ta yi, sai in ce masa, "Yaya, Inno na son ganinka a gida." Shi ma ya saba, yakan jira abin da zan ƙara.

A shekarun farko da aka fara gasar ƙwallo ta 'yan albashi, wani dillalin gyaɗa na Batsari, Alhaji Mani, ya kafa kulob ya sa masa suna Giwayen Rugu, aka karɓe su a rukuni na biyu. Suna atisaye a Batsari, suna buga wasan gida a Katsina. Sun nemi gola, aka ce musu akwai wani dogo a Runka ta ƙasar Safana mai hannu kamar faranti, wato Yaya. Da Yaya ya zo sallama ya durƙusa a bakin ɗakinta, Inno ba ta juyo ba. "Ki ce mishi shi riƙa rufe kai in ana ruwa," ta ce da ni. Na ce masa ta sa masa albarka, ya tashi yana murmushi.

Kakar wasan ta fara kafin shuka. Giwaye dai suna kawai suka tara. Wasan farko aka zuba musu uku ba ko ɗaya, na biyu suka yi canjaras da ƙyar. 'Yan bayansu kamar ƙofar zana suke, kowa ya taɓa ta buɗe, shi ya sa duk wahalar ta koma kan gola. Muntaka tela ne mai rediyo a unguwarmu. Ranar da gidan rediyo zai kawo wasansu, da an sallame la'asar sai ya ɗauko ta ya zo ƙofar gidanmu, maza su kewaye shi. Mai sharhi kuwa ba ya rabuwa da sunan. Armaya'u ya cafke ƙwallo, Armaya'u ya ture ta kwana, Armaya'u ya kwanta a kanta.

A ƙa'ida Inno tashi za ta yi daga inda ake kiran sunan. To ba ta zauna a wurin ba, sai dai ta kwashe ɓarar gyaɗarta ta koma jikin zanar da ke bayan zaure, wai nan ya fi inuwa. Ƙarya ce, rana ce ke dukan wurin har magariba. Ina kallonta, da an ambace shi hannunta ke tsayawa cak, sai maza sun yi ihu sannan ta ci gaba. Na taɓa tsokanarta na ce, "Inno, yau nawa da nawa?" Ta harare ni ta ce, "Ni ina ruwana da wasan yara?" Ranar kuwa ɓawo ta riƙa zubawa cikin ƙwaryar ƙwaya.

Da damina ta yi tsakiya suka tafi wasa gabas, tafiyar kwana biyu a mota. Bayan nan sai sunansa ya ɓace. Wani Daudu ake kira a raga. Mako ɗaya, mako biyu, ba labari, kuma a lokacin ba waya. Inno ta daina cin abinci sosai, amma ba damar ta tambaya. Ran nan ta same ni ina daka, ta ce, "Rediyon Muntaka lalacewa ta yi?"

Na gane. Na tashi mijina Ɗanjuma ya hau keke ya tafi Batsari. Ya tarar da Yaya da kafaɗa a ɗaure, wai karo ya yi da ƙarfen raga. Da na gaya mata, sai ta yini tana suyar ƙuli-ƙuli, ta ƙulle a tsumma ta ce in ba Ɗanjuma ya kai wa duk mai buƙata. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni.

Ya warke ya koma raga ana saura wasa shida. Kafin ya dawo Giwaye sun gangara can ƙasan jeri, kowa na cewa za su faɗo daga gasar. Suka ci biyu, aka ci su biyu, suka yi canjaras ɗaya. Wasan ƙarshe a Katsina, canjaras kawai suke nema su tsira. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba baƙi fenareti. Ƙofar gidanmu ta yi tsit, har kukan akuya ana ji daga bayan gari. Sai mai sharhi ya kwarma ihu, ya kama, ya kama! Muntaka ya jefa hularsa bisa rufin zaure. Na juya wajen Inno, na ga ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

A wannan wasa ne wani mutum daga wani kulob na Legas ya gan shi.

Ya zo gida da kaka, ana ɗaurin gero. Bai shiga ciki ba, ya zauna a zaure ya aika aka kira ni. Ya rame, ya yi baƙi, amma ya sa takalmi mai kyau.

"Asama'u, suna so na a Legas," ya ce. "Ran Litinin za a tashi. Alhaji Mani ya ce in na so in zauna, wurina na nan. Batsari kusa ce, duk Juma'a zan iya zuwa. Ki tambayar min Inno. In ta ce in zauna, na zauna. Ni fa ban taɓa sanin ko tana so ina kusa ba."

Na ce, "Yaya, don Allah ka shiga ka tambaye ta da kanka."

"Kin san ba za ta amsa min ba."

Na same ta a madafa. Na faɗa mata duka, har da maganarsa ta ƙarshe. Ta daɗe tana juya muciya, wutar ma ta mutu ba ta lura ba. Sannan ta ce, "Ki ce mishi shi tahi. Mi zai zamna shi yi mamu? Gero dai an yanke ba da shi ba."

Na san ma'anarta sarai. Ko kurma ya ga fuskarta ya san cewa take kada ya tafi. Amma a ranar cikina wata takwas, ƙafafuna sun kumbura, kuma na gaji. Shekara ashirin ina zirga-zirga tsakanin manya biyu da ke son juna, kowa ya ƙi buɗe baki. Na ce a raina yau sai ɗaya ya karya. In na kai masa maganar a bushe, zai fusata ya shiga ya tsaya a gabanta, dole ta dube shi. Wannan ne wayon da na yi.

Na koma zaure na maimaita masa kalma da kalma, ban ƙara gishiri ba. Ya zuba min ido yana jiran sauran.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan."

Bai fusata ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Allah Ya sa haka ya fi alheri." Na buɗe baki zan gyara, sai girman kai ya riƙe ni, na ce bari sai gobe. Washegari ya wuce Batsari sallama da kulob, daga can ya hau mota. Daga Legas wani kulob ya ɗauke shi zuwa Abijan, shekara shida bai tako Runka ba, sai wasiƙa, kuma Inno ba ta kai shekara ta shidan a raye ba. Amma a lokacin ba wanda ya san haka.

Ran Litinin da azahar na shiga gida na tarar ta share ɗakinsa, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta rufe fura a ƙwarya ta ajiye a bakin ƙofa.

"Yayanki bai dawo daga Batsari ba?" ta ce.

"Inno, ai ya tafi. Yau motarsu ta tashi."

Ta dube ni kamar ba Hausa na yi ba. "Mi kika ce mishi?"

"Abin da kika ce."

"Yadda na hwaɗa?"

"Yadda kika faɗa."

Ta dafa bango ta zauna a ƙasa, a hankali, ta miƙe ƙafa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Sai ta ce, "Asama'u, ashe ke ma ba ki ji na."