Abin da Irmiya Ya Bari a Saman Wadrob

Sati uku bayan binne Irmiya, matarsa Laraba ta taka kujera don ta sauko da kayansa daga saman wadrob a raba wa dangi. A bayan akwatin takardunsa hannunta ya taɓo wani abu dogo, naɗe cikin tsohon bargo. Tana kwancewa sai ga bindiga mai baki biyu, da harsasai a leda.

Shekara ashirin da shida suna zaune tare a unguwar Badarawa, shi akawu, ita malamar firamare, bai taɓa ko da tsokaci a kanta ba. Ta zazzage akwatin kaf, babu lasisi.

Da la'asar ta samu maƙwabcinsu Malam Datti, tsohon magatakardar kotu, a ƙofar gidansa. Ta rage murya ta faɗa masa.

"Malama Laraba, ni a ganina bindiga ta hukuma ce," in ji shi. "Ranar da kowa ya ajiye tasa, ko faɗan layin famfo sai an ɗauki gawa."

"To Baba, in kai ta ofishin 'yan sanda?"

Ya ce, "Dole su tambaya: ina ya samo ta, wa ya sayar masa, an taɓa harba ta? Mai amsar yana kabari. Ke ce a hannu. Ki ba ni lokaci in yi tunani."

Ranar Lahadi bayan sujada, Elisha ƙanin Irmiya ya iso daga ƙauye. Ashe ya sani.

"Maman Naomi, ni na raka Yaya ya saye ta, shekarar da aka sace mutane kusa da gonarsa ta Rigachikun. Ki ba ni ita. A gida da sanduna muke gadi, masu zuwa kuwa da bindigogi suke zuwa."

"Shingen bincike nawa ne daga nan zuwa gida? In an kama ka, daga ɗakin wa za ka ce ta fito? In kuma ka isa lafiya, ka harbi ɗan wani fa?"

"In ban harba ba, namu za a binne."

Ta san waɗanda aka riga aka binne. Duk da haka ta hana shi. Ya tashi ko abincin da ta zuba masa bai taɓa ba, ya ce zai dawo da manya.

Washegari ta naɗe bindigar a tabarma, da niyyar jefa ta a kogi. Ta tsayar da mai Keke Napep, ya miƙo hannu zai taya ta ɗauka.

"Madam, wannan tabarma da nauyi. Me ke ciki?"

Ta fizge ta, ta ce ta fasa tafiyar. Ta koma ciki, ta tura ta ƙarƙashin gado, ta kulle ɗakin, ta kwashe kayan sawarta zuwa falo.

Tun daga nan ta daina karɓar taron zumuntar mata a gidanta. Malam Datti kuwa kullum suka gaisa sai ya ce yana kan tunani.

Da hutun makaranta ya zo, 'yarta Naomi ta bugo waya daga Zariya.

"Mama, ran Asabar zan kawo miki yara su ɗebe miki kewa."

Laraba ta tuna yadda jikokin nan ba su barin lungu ko aljihun tebur ba su bincika ba.

"Kada ki kawo su tukuna. Ɗakin yana yoyo."

"Yoyo da rani, Mama?"

"Ki dai bari sai na kira ki," in ji Laraba, ta kashe wayar.